Akwatin Teku a Unguwar Zariya

Shekara ashirin da biyu ina jan tirela
tsakanin Maraɗi da Kwatano,
ban taɓa tsoma ƙafa a teku ba.
Daga inuwar taya nake hango ta, ina jiran lodi.
Da gwiwa ta ƙi, na miƙa makulli,
sai ruwan nan ya biyo ni gida, yana shigo mini barci.

Na je wurin Tsahiru mai gilashi,
na ce yanka mini akwati, kamu biyu.
Ya ce na burodi ne ko na tsire?
Na ce na teku.
Ya daɗe yana dubana kafin ya faɗi kuɗi.

Cima ta ɓallo kantun Bilma daga madafa,
ta ce ga gishiri, kar ka ɓarnatar da sefa.
Na ce wannan na miya ne da na raƙumi.
Nawa yana cikin bokiti mai murfi,
tsohon yaron motata ya ɗauko shi daga Kwatano.
Giram talatin da biyar a kowace lita,
ruwan famfo ma sai an tace shi,
ni da nake sha daga randa ba tambaya.

Na shimfiɗa farin rairayi,
na jera duwatsu masu ƙofofi kamar suri.
Daga nan sai jira.
Sati shida, in ji takarda,
sai wasu halittu da ido ba ya gani
sun tare, sun cinye dafin ruwa.
Maƙwabta suka zo kallon kifi, suka tarar da ruwa.
Ɗanjimo tela ya ce, direba, kiwon dutse ka koma?
A sati na uku duwatsun suka rine
kamar haƙoran mai cin goro.
Na kankare, suka sake.

Afrilu ta shigo.
Kuran ya ɗauke ƙarfe biyu na rana,
injin ya yi shiru, ma'aunin zafi yana hawa.
Na tsuguna ina motsa teku da ludayi.
Cima, mai yi mini dariya,
ta kwaso ƙanƙarar da take sayarwa,
ta ƙulle a leda, ta saka a kan ruwan,
ba ta ce komai ba, ban ce komai ba.
Ranar na gane ruwa na tafiya ya bar gishiri
yadda baƙi ke tafiya su bar kwanuka.
Kullum da yamma ina ƙara tataccen ruwa
har zanen da na yi da biro.

Kifi biyu aka sako mini a leda.
Ɗaya ya mutu kafin Doso.
Ɗayan, ruwan lemo da farin ɗamara uku,
ya shige bayan dutse ya ƙi ni kwana biyu.
Tare da shi an haɗo ɗan guntun abu
bai kai farcen babban yatsa ba,
a dunƙule, launin toka.
Na ce wa Inna murjani ne.

Ta ce ƙarya.
Ta kwance nata daga wuya,
jan nan na ranar aurenta,
ta kara shi jikin gilashi:
ga murjani, dutse ne, ba ya shan ruwa.

Daren Alhamis, ƙarƙashin shuɗiyar fitila,
abin ya buɗe.
Baki bakwai na ƙirga, kore shar,
suna lilo duk inda ruwa ya nufa.
Na taso Inna.
Ta matso da kujera, hancinta na taɓa gilashi.

Can ta ce, ashe mai rai na rataya
shekara sittin ban sani ba.
In na jefa nawa ciki, zai farka?

Na ce a'a, Inna.

Ta mayar da shi wuya.
Ta ce to bar fitilar, ba yanzu zan kwanta ba.